Aikin gobe tun daren yau ake shirya shi

A Birnin Kebbi, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Duk wanda ya bar aiki mai nauyi har rana ta take, jikinsa zai gaya masa. Shi ya sa na fi son a tsara yini da lokutan salla. Daga asuba zuwa hantsi a yi aikin ƙarfi da zuwa banki ko asibiti, tsakanin azahar da la'asar a zauna inuwa a yi lissafi ko ɗinki, ziyara kuma sai rana ta yi sanyi.

Bayan isha'i ka ware minti goma. Rubuta abu uku kacal da dole a yi su gobe, a ƙaramin littafi, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Mai rubuta goma yakan gama masu sauƙin ya bar mai wuyar, alhali shi ne ya fi muhimmanci. Ka duba waɗanda hanyarsu ɗaya: in za ka kasuwa, haɗa da cire kuɗi da sayen magani, kuɗin kabu-kabu ɗaya ya wadatar.

Inda gidaje suka fi asarar lokaci shi ne sa'ad da aka kawo wuta. Ba wanda ya san daɗewar da za ta yi, don haka kowa a gidan ya san abin yi tun kafin ta zo. Ruwa ne farko, a kunna inji tanki ya cika. Sai cajin waya da fitila. Sai guga, kayan mako guda gaba ɗaya har da na makarantar yara. Amma don Allah kada a jona dutsen guga da hita da injin ruwa a soket ɗaya. Dukkansu masu jan wuta ne, wayar wuta za ta yi zafi ta narke, gobara da yawa daga nan suke tashi. In wutar ta zo da rauni, ƙwan fitila ya yi ja-ja, a kashe firji da injin ruwa, domin a irin wannan wutar ne suke ƙonewa.

Cefanen da ba ya lalacewa, kamar gero, shinkafa da kauɗa, a saye shi na mako ko na wata. Albasar Aliero in ta yi araha a sayi da yawa, sai dai a baza ta a inuwa mai iska. In aka ƙulle ta a leda, gumi zai ruɓar da ita.

Takardu kuwa, katin zaɓe, takardar NIN, ta haihuwa da katin rigakafin yara, a haɗa su a jaka ɗaya mai zif, a ɗora sama inda gara da ɗigon damina ba sa kaiwa. Kowace a ɗauki hotonta a waya, gaba da baya.