Sati bakwai da wals ɗin Shubat, hannun hagu ya fara jin magana

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau sati bakwai ke nan ina fama da koyon wals ɗin nan (kiɗan rawa na Turawa) a fiyano, na mai tsara kiɗa Shubat, mai B minor, na 6 a cikin tarin kiɗansa Opus 18 da aka fitar a 1823, masu nema a YouTube ku rubuta Schubert D 145 zai fito. Shafi ɗaya ne tal, shi ya sa na ɗauka sati biyu zan yi in wuce, ashe ɗan hakin da ka raina ne.

Hannun dama bai ba ni wahala ba. Hagu ne bala'in. Bugu uku-uku ake yi, na farko ƙaramin yatsa ya taɓa bas, wato maɓalli mai kaurin sauti, can ƙasa, sai hannu ya yi tsalle ya kama kod (maɓallai da yawa a danna tare) sau biyu, ni kuwa duka ukun ƙarfi ɗaya nake ba su, da na ɗauki kaina a waya na saurara wallahi kamar ana daka a turmi, har ƙanwata ta leƙo ɗakin ta ce "Yaya, faretin sojoji kake koya?" Ban ce mata komai ba don gaskiya ta faɗa.

Abin da ya gyara min kunne ba atisaye ba ne ma, tarihin mutumin ne. A Viyana ta Ostiriya aka haife shi a 1797, babansa malamin makaranta, shi ma ya ɗan koyar a makarantar baban amma abin bai kwanta masa ba ya bari, ya koma yau yana gidan wannan aboki gobe yana gidan wancan. Da dare sai su taru a falon ɗaya daga cikinsu a rera waƙoƙinsa, in dare ya yi nisa a ce za a yi rawa, sai ya zauna gaban fiyano yana ƙirƙiro kiɗa nan take su suna juyi, wanda ya yi masa daɗi ya rubuta daga baya. To ka ga wannan ba kiɗan babban zaure ba ne, na falo ne, mutane na hira ana dariya. Sau ɗaya ma ya taɓa shirya taron kiɗansa shi kaɗai a bainar jama'a, a Maris 1828, kuma Nuwambar shekarar ya rasu yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600. Ni ina nan shafi ɗaya ya riƙe ni sati bakwai.

Tunda na gane haka sai na canza salo. Metironom, wato na'urar da ke ƙirga min bugu, a bugu 60 a minti, hagu kaɗai, minti goma kullum bayan isha'i, bugun farko in ɗan sake masa nauyi, na biyu da na uku kuwa kamar ina taɓa goshin jariri mai barci. Tsallen kuma ido rufe nake yi don hannu ya haddace tazarar da kansa, kwana uku na farko sai in sauka kan maƙwabcin bas ɗin, yanzu a cikin goma sau takwas nake faɗawa daidai. Na kai metironom 96 da hannu biyu.

Kibod ɗina mai maɓalli 61 ne, ba nauyi a maɓallan, taushin da ake so da kyar yake fita. Fedal kuma, abin takawa da ke riƙe sauti, sai gudu yake a kan tayil, sai da na shimfiɗa masa guntun roba. Ina taka shi a bugun farko in ɗaga a na uku, in ba haka ba sautin ya cakuɗe ya zama kunu.

Wajen da har yanzu nake tuntuɓe shi ne inda kiɗan ke juyawa daga minor (sauti mai kama da damuwa) zuwa major (mai kama da walwala), halin Shubat ke nan, kana cikin damuwa sai ya buɗe maka taga. Yatsuna sun saba da shaf biyu, wato baƙaƙen maɓallai biyu, sai ga D shaf ya shigo, kullum sai na tsaya kamar mai neman canji a aljihu. Duk wanda ya wuce wajen a cikinku ya faɗa min yatsun da ya sa, don wannan satin layi biyun nan kawai zan riƙa maimaitawa.