Wasan ruwa ga ƙananan yara a bazara

Iyaye mata, zafin bazarar nan baho ɗaya ya ishi yaro ya sake. A ajiye shi a inuwa, kan buhu saboda santsin siminti. Ruwan kada ya wuce idon sawu. A ba shi kofi, soso da gorar roba da aka huda murfinta da ƙusa, ya yi ta matsawa ruwa na tsartuwa.

A taɓa ruwan tukuna, na tanki da rana yakan ƙona fata. Gara da hantsi ko bayan la'asar.

Don Allah babba ya tsaya a kansa, ba yayarsa ba. Ɗan shekara 2 kan nutse a ruwa kaɗan, ko kuka ba za a ji ba. Da an gama a zubar, a kife bahon.