Laraba: taurin da ya ƙaru da kansa

Tun safe abu ɗaya ke cin raina. Farantin gamin alminiyam da litiyam mai lamba 2195 ɗin nan da muka yi wa waldar gogayya (waldar da bakin na'ura mai juyi ke haɗa ƙarfe ba tare da narkar da shi ba) sati uku da suka wuce, yau na sake ɗora yankinsa a na'urar Vickers mai auna taurin ƙarfe ta hanyar huda shi, nauyin giram 500, tazarar rabin milimita tsakanin huda da huda. Tsakiyar ɗinkin ta ba ni kusan 130, alhali kwana biyu bayan walda 112 ta bayar. Can nesa inda zafi bai kai ba, yana nan a 180 ɗinsa.

Sabon ɗalibin Oga ya leƙo ya ce, "Yaya, ai na'urar ce ta samu matsala." Na ce ya ɗauko ƙarfen gwaji mu auna. Lafiyarta ƙalau. Sai muka ja kujeru.

Ƙarfin wannan gami na alminiyam da litiyam, wanda da shi Amurka ta ƙera tanki mara nauyi na man kumbonta, tankin da ya fara tashi a 1998, yana cikin wasu siraran faya-fayai da ake kira T1, haɗin alminiyam da jan ƙarfe da litiyam. Kafin su fito sai an ja farantin kamar kashi 3 cikin ɗari, sannan a gasa shi a wajen digiri 150, domin a kan karkacewar da jan farantin ya bari a layukan atam suke tsira. Bakin na'urar walda ba ya narkar da ƙarfe, dama shi kawai yake yi kamar tuwo, amma zafin tsakiya yakan kai digiri 450 zuwa 500. A nan T1 ke bajewa, jan ƙarfen da litiyam su koma cikin alminiyam, ƙwayoyin ƙarfen su sake haihuwa ƙanana, 'yan maikiron kaɗan. Da wurin ya huce da sauri, sai alminiyam ɗin ya zama ya ƙoshi da jan ƙarfe da litiyam fiye da kima. Yana ajiye a kan tebur atam ɗin suna taruwa gungu-gungu, abin da ake kira GP, wani lokaci har da ɗan ɓurɓushin alminiyam da litiyam da ake kira δ'. Taurin da na gani ke nan. Ƙarfen nuna yake yi a hankali.

Gefen ɗinkin ne abin tausayi. Can zafin bai isa ya baje T1 gaba ɗaya ba, sai ya kumbura su, manyan ɓurɓushi kuma su zauna a iyakokin ƙwayoyi su shanye jan ƙarfen. Ba abin da ya rage da zai sake nuna sosai. Shi ya sa zanen tauri ke fita kamar W, kuma a ƙasan W ɗin samfuri ya fi tsinkewa.

Ɗalibin ya ce to mu mayar da farantin tanda mana. Tambaya mai kyau ce. Gashin 150 zai ɗan ɗaga tsakiya, amma sabbin ƙwayoyin ba su da yawan karkacewar da T1 ke so, sai ya yi ta jinkiri, wani ɓurɓushin alminiyam da jan ƙarfe mai suna θ' ya samu fili. In kuma aka kai shi 500 don a baje komai a sake daga farko, wasu ƙwayoyin tsakiyar su haɗiye maƙwabtansu su yi girman da ido ke gani. Gyaran gangar auzinawa.

Bayan azahar na buɗe tsohon jadawalinmu, gabana ya faɗi. Samfuri goma sha ɗaya, gudun juyin bakin na'urar walda daban-daban, babu inda aka rubuta kwana nawa tsakanin walda da awo. Bambancin da muke jingina wa gudun juyi, wataƙila rabinsa na kwanaki ne. Daga yau ranar walda da ranar awo su hau jikin leda, wanda ba za a auna da wuri ba ya shiga firiza don sanyi ya rage masa saurin nuna.

Na tsoma samfuran a ruwan Keller, asid ɗin da ke fito da ƙwayoyin ƙarfe a gani, daƙiƙa 15. Guda ɗaya ya ci da yawa, sai na sake gogewa.

Ban ci komai ba sai la'asar.

Gobe shirin samfurin TEM, na'urar hango ƙananan abubuwa da lantarki. Faifai milimita 3, za a sirantar da shi da asid ɗin naitirik cikin metanol a digiri 30 ƙasa da sifili. Har yanzu ban faɗa wa Oga maganar jadawalin ba.