Bidiyo ya ƙi buɗewa a Accra: ka gano inda aka kulle kafin ka ƙona data

Ɗan'uwanka da ke Landan ya turo maka mahaɗin bidiyon ƙwallayen wasan jiya ta WhatsApp. Kana zaune a Nima, kofin ataya a hannu, ka danna, sai allo ya yi baƙi da ɗan rubutu cewa ba a nuna wannan a ƙasarku. Ka kashe waya ka kunna, ka ƙara sayen data, shiru. Ka bar wahalar da kanka, ɗan'uwa, wayarka lafiyarta lau, layinka ma haka.

Masu wasanni da finafinai ƙasa-ƙasa suke sayar da izinin nunawa. Gasar Firimiyar Ingila, alal misali, SuperSport ne ke nuna ta a ƙasashenmu, don haka tashar Ingila da ta ɗora bidiyon ba ta da hurumin nuna maka shi a Ghana. Abin da ciwo, domin kuɗin datarka ka biya cif kamar kowa. Amma sanin dalili shi ke hana ka jefa kuɗi a rijiya.

Da farko ka duba a wace ƙasa intanet ke ganin ka. Kowace waya da ta hau intanet tana da lambar adireshi, wato IP, kuma da ita shafuka ke gane ƙasa. Ka buɗe ipinfo.io a burawuza. In ka ga GH, a Ghana ake ganin ka. In ka ga wata ƙasa alhali kana Mamobi, to akwai magana: ko dai ka bar VPN, manhajar da ke sa a ga kamar kana wata ƙasa, a kunne ka manta, ko kuma layin wata ƙasa kake hawa da shi. Wanda ya shigo da layin Najeriya yana amfani da shi a Accra, datarsa ta gida take zagayawa, sai a ɗauka yana Najeriya. Wani lokacin kuma rumbun da ke haɗa lambobi da ƙasashe ne ya yi kuskure. Gwajin ba wuya: ka sauka daga Wi-Fi ka hau datar MTN ko Telecel, ka sake dannawa.

Akwai kuma kullen asusu, kuma shi ya fi kama masu sayen wayar hannu-biyu a kasuwar wayoyi ta Circle. Asusun Google Play ko na Apple yana da ƙasar da aka yi masa rajista. Wayar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka da asusunsa a ciki za ta riƙa ɓoye maka wasu manhajoji tana nuna wasu. Ka fita daga asusunsa ka shiga naka. Wajen biyan kuɗi kuwa, lambobi shida na farkon katinka sun isa su nuna bankin da ya bayar da shi da ƙasarsa, shi ya sa katin Ghana ke dawowa daga shafukan da ke karɓar na Amurka kaɗai, ko da ka sauya IP.

Sauya ƙasa a saitin YouTube ba ya buɗe komai. Irin bidiyon da ake jero maka a shafin farko kawai yake canzawa.

Sai VPN, wadda kowa ke ba da shawararta kamar maganin kowace cuta. Aikinta shi ne ta bi da datarka ta wata kwamfuta a wata ƙasa, shafin ya ga lambar can. A YouTube takan yi aiki. Manyan shafuka kuwa sun san lambobin waɗannan kwamfutoci, musamman na kyauta da dubban mutane ke rububinsu. Netflix, da ya shigo Ghana a Janairun 2016, in ya gane VPN sai ya bar maka finafinan da yake da izinin nunawa a duk duniya kawai, ka ga jerin ya ragu maimakon ya ƙaru. BBC iPlayer na mazauna Birtaniya ne masu lasisin talabijin. Wasu manhajojin ma GPS ɗin wayar suke tambaya, wanda VPN ba ta taɓa shi.

Sannan ga rashin sauri. Datar da za ta je Turai ta dawo sai ta yi jinkiri. Ka auna saurin intanet ɗinka a fast.com kafin ka kunna VPN da bayan ka kunna. Hoto mai kyau na 1080p yana son kamar 5 Mbps, kuma awa ɗaya na iya cinye har 3GB. Ni dai ba na ba kowa shawarar ɗora VPN ta kyauta a wayar da yake MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da harkar banki da ita, domin ba ka san hannun wa bayananka ke ratsawa ba. Kuma sharuɗɗan yawancin shafukan nan sun hana zagaye kullen, don haka kada ka biya kuɗin shekara kana dogaro da ita.

Wanda ya fi taɓa mu a zango shi ne bidiyon biki ko suna da aka ɗora daga Accra, dangi a Jamus suka ce ya ƙi buɗewa. Sau da yawa waƙar da ke tashi a bayan fage ce sanadi: tsarin Content ID na YouTube ya gane ta, mai waƙar kuma ya toshe ta a wasu ƙasashe. Gyaran yana hannun wanda ya ɗora. Ya shiga YouTube Studio, ya buɗe bidiyon, zai ga ƙorafin haƙƙin mallaka da daidai mintunan da waƙar ta fito. Yana iya yanke wurin, ko ya kashe sautinsa, ko ya musanya waƙar, ba sai ya sake ɗora bidiyon daga farko ba. In an gama, a ce wa dangin su sake danna mahaɗin nan dai da aka tura musu tun farko.