Kunyar da ta hana mu magana

Jiya na riƙe akwatin tara gudummawa a taron wayar da kai kan kansar furostet, wato kansar ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Rabin kuɗin na binciken masana ne, rabin kuma na gwajin jinin PSA, mai taimakawa wajen gano cutar, ga marasa hali.

Mutane sun bayar, ba laifi. Amma da likita ya ce cutar kan fara shiru ba alama, kuma haɗarinta na ƙaruwa bayan shekara 50, musamman ga baƙar fata da wanda mahaifinsa ya yi ta, sai maza suka sunkuyar da kai. Har da ni.

Kawuna shekara biyu yana ɓoye wahalar fitsari, Allah ya jiƙansa. Na rubuta sunana, ranar Litinin zan je gwaji.