Fankar lagireto

Ranar da fankar lagireton motata ta mutu, ina cikin cunkoso a Ƙofar Nassarawa da tsakar rana, allurar zafi sai hawa take. Na gangara gefe na kashe motar, gabana na dukan uku-uku.

Bakanikena ya fara duba fiyus, ya tarar lafiya ƙalau yake; kwayil ɗin fankar ne ya ƙone. Washegari muka shiga Ƙofar Ruwa da tsohuwar a hannu, don a gwada soket da ramukan noti. Akwai sabuwa mai araha, amma robarta ba kauri, ban yarda da ita ba. Na ɗauki 'yar Beljiyam.

"Yallaɓai, kar ka biya sai an jona ta da batir," in ji shi. Aka jona, ta juya ba ƙara, iskarta na kaɗa min riga.