Ƙwayoyin Gwanzu da ƙashin Gwaggo

A hunturun da ya wuce, Gwaggo, yayar mahaifina da ke zaune a unguwar Birni a Damagaram, ta zame a bakin makewayi da asuba tana riƙe da buta, ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Faɗuwar ba ta taka kara ta karya ba, domin daga tsaye ne zuwa ƙasa, irin wadda yaro zai yi ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya wuce. An kira mai ɗori ya ja hannun, ya jera tsagaggen kara ya ɗaure, amma da kumburin ya ƙi saɓewa sai muka kai ta asibiti aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi. Likitan ya daɗe yana duban hoton, sannan ya tambaye ta shekara nawa ke nan da al'ada ta ɗauke mata, ya kuma tambaye mu ko mun lura ta rage tsawo. Mun lura, amma mun ɗauka ranƙwafawar tsufa ce kawai. Ya ce ciwon da suke kira osteyoforoz ne, wato zaizayar ƙashi.

Wanda ya san gidajen ƙasa na Birni ba zai sha wuyar fahimtar wannan ciwo ba. Kowace damina ruwa yana wanke wani abu daga jikin katanga, kowane rani kuma magina suna mayar da yaɓe, kuma muddin yaɓen yana cike gurbin abin da ruwa ya ci, gidan yana nan daram. Haka ƙashi yake a jikin mai rai: akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo. Har zuwa wajen shekara 30 ginin ne ke rinjaye, daga baya sai rushewar ta fara yin gaba a hankali, kuma ga mace abin yana ƙara sauri bayan ɗaukewar al'ada, saboda raguwar sinadarin istirojin da ke taka wa masu rushewar birki. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin gane ciwon ta hanyar awon kaurin ƙashi da na'ura, domin radiyo na yau da kullum ba ya nuna shi sai ƙashin ya yi asarar kusan kashi 30 cikin 100. Kuma ciwo ne marar zafi kafin karaya, abin da ya raba shi ke nan da sanyin ƙashi mai sa gwiwa da kafaɗa ciwo, ko da yake a bakin mutanenmu duka biyun ciwon ƙashi ne.

Mako uku bayan haka babban ɗanta, wanda ke zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin saro kayan waya, ya dawo da kwali shida na wasu ƙwayoyi, babu harafi ɗaya na Faransanci a jikinsu. Gwaggo ta miƙo mini ɗaya da hannunta mai lafiya ta ce, “Ɗana, kai da ka yi lakwal, karanta mini abin da Shinuwa suka rubuta.” Na ce, “Gwaggo, lakwal ɗin da na yi bai kai nan ba.” Sai na ɗauki hoton kwalin da waya na sa ta fassara, sunayen itatuwa suka fito a jere, kuma bin diddigin waɗannan sunaye ne ya cinye mini dare da yawa.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne cewa a tsohon ilimin magani na ƙasar Sin, wanda ya tsufa ƙashinsa ya yi rauni ƙodarsa ake yi wa magani. A cikin Huangdi Neijing, littafin da ya haura shekara 2,000 kuma har yau ake karantar da shi, an ce ƙoda ce ke mulkin ƙashi kuma ita ke haifar da ɓargo. Ƙodar da suke nufi ta wuce tsokar nan biyu da mahauci ke ciro wa a jikin rago, suna nufin rumbun ƙarfin da aka haifi mutum da shi, wanda ke raguwa da shekaru har gashi ya yi furfura, haƙora su yi girgiɗi, baya ya ranƙwafa. Abin sha'awa kuma, likitancin zamani ya tabbatar da cewa ƙoda ta zahiri tana da hannu a lafiyar ƙashi, domin ita ce ke ƙarasa sarrafa bitamin D ya koma siffar da ke sa hanji ya tsotsi kalsiyom. Ba zan ce magabatan Sinawa sun san wannan ba, amma idonsu ya ga wani abu.

Sunayen itatuwan ma kansu kirari ne. Gu sui bu, saiwar wani tsiro mai manne wa duwatsu da jikin bishiyoyi, ma'anar sunansa mai gyara farfasasshen ƙashi. Xu duan kuwa mai haɗa abin da ya tsinke. Du zhong ɓawon itace ne wanda idan aka karya shi a hankali sai wasu fararen zaruruwa su miƙe tsakanin ɓallin biyu kamar danƙo, kuma an daɗe ana ba da shi ga masu ciwon ƙugu da raunin gwiwa. Wanda ya fi su suna shi ne yin yang huo, ganyen da labari ya ce wani makiyayi ne ya lura bunsurunsa na ƙara ƙaimi idan ya ci shi, shi ya sa har yau a kasuwannin duniya an fi saninsa a matsayin maganin maza, abin da ban fassara wa Gwaggo ba. Sai bu gu zhi, ƙananan ƴaƴan wani tsiro masu duhun launi da ƙamshi mai ƙarfi, wanda zan dawo kansa. Masu maganin Sin ba kasafai suke ba da itace ɗaya shi kaɗai ba, haɗi suke yi, wani ya zama jagora wasu su taimaka masa, kuma wasu haɗe-haɗen sun yi ƙarnuka ana amfani da su, kamar Liu Wei Di Huang Wan mai itatuwa shida wanda likita Qian Yi ya tsara a zamanin daular Song.

To, ina hujja? A ɗakin gwaji da kuma jikin ɓeraye, sinadarin ikarin da ke cikin yin yang huo yana zaburar da ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi, yana kuma sassauta aikin masu rushewa. A jikin mutane ma akwai abin kamawa. A 2007 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi kan mata 100 da suka daɗe da daina al'ada, inda aka ba rabinsu sinadaran da aka tato daga wannan ganye, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba ta da komai, dukansu tare da kalsiyom, har tsawon wata 24. Waɗanda suka sha na ganyen ƙashinsu ya riƙe kaurinsa, na sauran kuwa ya ci gaba da raguwa. Amma a 2014 masu bitar bincike na Cochrane, ƙungiyar da ke tantance hujjojin likitanci, sun tattara gwaje-gwaje 108 da suka ƙunshi mutum 10,655 da nau'in magani 99 na Sinawa, suka ce yawancin gwaje-gwajen ba a tsara su da kyau ba, don haka amfanin magungunan bai tabbata ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da tsohuwa ke buƙata shi ne kada ƙugunta ya karye idan ta sake zamewa, kuma a wannan ma'auni na hana karaya ne hujjar itatuwan ta fi ƙaranci, alhali magani irin alendironat, wanda ake amfani da shi tun 1995, an gwada shi a kan dubban mata an ga ya rage karayar ƙugu da ta ƙashin baya.

Ba ni daga cikin masu raina maganin itace, kuma bai kamata ɗan Damagaram ya raina na Sinawa ba, tunda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da muke ba yaranmu idan ya kwantar da su da damina daga ganyen ƙasarsu ta samo asali. Tu Youyou, masaniyar magunguna ta ƙasar Sin, ta samo hanyar tato sinadarin atemisinin da ke cikin wannan ƙwaya ne bayan ta karanta bayanin da wani mai magani, Ge Hong, ya rubuta a ƙarni na 4, kuma aikin ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Sai dai tsakanin tsohon littafin da ƙwayar da ke farmasi an yi shekaru ana tacewa, ana aunawa, ana gwadawa a kan marasa lafiya, har aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. A ganina itatuwan ƙashi suna kan wannan hanya, amma ba su kai ƙarshenta ba tukuna.

Bu gu zhi ne ya hana ni barci. An san yana iya taɓa hanta, kuma sinadarin soralen da ke cikinsa yana sa fata ta kasa jure rana, abin da ba ƙaramar magana ba ce a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. A ƙarshen 2016 hukumar kula da magunguna ta ƙasar Sin da kanta ta fitar da gargaɗi cewa Xianling Gubao, ɗaya daga cikin shahararrun haɗe-haɗen ƙashi a can, wanda ya ƙunshi yin yang huo da bu gu zhi da xu duan da wasu itatuwa uku, yana iya lahanta hanta, musamman ga tsofaffi da masu daɗewa suna sha. Ɗaya daga cikin ukun nan, dan shen, yana ƙara ƙarfin warfarin mai tsinka jini, har ya iya jawo zubar jini ga mai shan su tare. A can ƙasarsu likita ne ke rubuta irin wannan magani, ya kuma auna hantar mai sha lokaci zuwa lokaci. Idan kwalin ya ƙetaro teku a cikin jakar ɗan kasuwa, wannan kulawar ba ta biyo shi.

Duk da haka, kwalin Gwanzu ya fi mini sauƙi a kan abin da na tarar a ƙarƙashin matashin Gwaggo. Wata maƙwabciya ce ta sayo mata wasu ƙwayoyi a hannun masu yawo da magani a faranti, da hoton gwiwa mai jan wuta a jikin ledar, an ce su ma na ganyen Shinuwa ne, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa. Gwaggo ta ce, “Wannan shi ne magani, ɗana, daren da na fara sha na yi barci kamar jaririya.” Wannan yabon ne ya tayar mini da hankali. Hukumomin lafiya a ƙasashe da dama sun sha kama magungunan ciwon gaɓoɓi da ake cewa na ganye ne alhali an cusa musu dezametazon, ƙwayar nan da wasu mata a nan ke sha don su yi ƙiba. Tana ɗauke ciwo nan take, tana buɗe ciki, fuska ta cika har a ce mutum ya murmure, amma shanta na tsawon watanni yana daga cikin manyan abubuwan da ke zaizaye ƙashi. Na ɗauke ledar na kai wa likita, shi kuma ya tambayi kwana nawa ta yi tana sha, domin irin wannan ƙwaya idan an daɗe a kanta ba a yanke ta rana ɗaya. Allah ya taimake mu, kwana biyar ne kawai.

Likitan bai yi faɗa a kan kwalin Gwanzu ba. Ya ce kada a haɗa shi da komai a yanzu, idan kuma iyali sun nace sai an fara auna hantarta. Ya rubuta alendironat, ƙwaya ɗaya a mako, da kalsiyom da bitamin D, ya ce ta riƙa shan nono, a yawaita miyar kuka da zogale da riɗi, ta fito tsakar gida da hantsi ta sha rana, ta kuma riƙa ɗan tattaki maimakon wuni a kan tabarma. Mace mai shekarunta tana buƙatar wajen miligiram 1,200 na kalsiyom a rana, kofin nono ɗaya kuwa yana ba da kusan 300. Mu kuma muka sa aka zuba siminti mai kaushi a bakin makewayin, aka ja fitila zuwa wajen.

Yanzu kowace Juma'a bayan sallar asuba Gwaggo tana haɗiye ƙwayarta da cikakken kofin ruwa, ta zauna a miƙe minti 30 ba kwanciya ba karin kumallo, tana jan carbi tana mitar cewa ba ta taɓa ganin maganin da ke hana tsohuwa kunun safe ba. Kwali shidan suna cikin kwallarta ta saman kabad, ba a buɗe ko ɗaya ba. Ɗanta ya bugo waya shekaranjiya yana tambaya ko ta fara sha, ta ce masa tana jiran sakamakon awon jini, sannan ta miƙo mini wayar ta ce in yi masa bayanin hanta da kaina.